Aiken Da Kwamfuta Ke Yi

Duk wanda ya tashi a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi a Kaduna ya san yadda uwa ke aiken yaro. Ba ta cewa "je ka sayo daddawa" ta yi shiru. Sai ta ce masa, "Fara duba wajen mai tebur na bakin layi, in babu ka wuce Kasuwar Bacci, in can ma babu to sai Kasuwar Gumi." Inda yaron ya fara samu, nan zai saya ya juyo, ko da ta gaba ta fi kyau. In kuwa daddawar tana wani shagon da ba a ambata masa ba, zai dawo hannu rabbana ya ce babu, alhali tana nan jibge.

Da irin wannan aiken kwamfuta ke neman manhaja. Idan ɗalibin Kadpoly ko na KASU ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta python, na'urar ba ta bin kowane lungu na cikinta tana lalube. Akwai wani saiti mai suna PATH, jerin foldodi ne kawai, a Linux an raba su da ɗigo biyu, a Windows kuma da ɗigo da waƙafi. Su take bi ɗaya bayan ɗaya daga farko. Shi ya sa za ka ga yaro ya ƙona datarsa ya sauke Python, ya girka ta lafiya lau, amma Windows ta ce ba ta san wannan umarni ba. A ƙasan shafin farko na girkawa akwai ɗan akwatin da ake latsawa don a saka Python cikin PATH, kuma a buɗe yake zuwa, ba a latse ba. Wanda ya tsallake shi sai ya ɗauka kwamfutarsa ce ta lalace. Wasu har sukan kai ta wajen mai gyara a goge komai, a biya kuɗi, a kan abin da bai wuce gyaran layi ɗaya ba. Wannan asarar tana damuna ƙwarai.

PATH ɗaya ne daga cikin saitunan muhalli, wato sunaye masu ɗauke da bayani waɗanda ake miƙa wa kowace manhaja a lokacin da ake tayar da ita. Tsarin ya samo asali ne daga Unix bugu na bakwai, wanda ya fito daga Bell Labs a Amurka a 1979, tare da shel, wato manhajar da ke karɓar umarni a allo, wadda Stephen Bourne ya rubuta. Rubuta env a Linux, ko set a Windows, za ka ga dukansu a jere.

Ga wanda kowa zai iya gwadawa a Linux. Kana da mahaifiya a Makka, kana son sanin ko ta kwanta kafin ka kira. Rubuta TZ=Asia/Riyadh date, sai ka ga agogon can, awa 2 gaba da na Kaduna. Sake rubuta date ita kaɗai, lokacin gida ya dawo, domin saƙon na aike ɗaya ne. Haka nan manyan kwamfutocin da ke riƙe shafukan intanet galibi a kan agogon UTC suke, awa 1 baya da mu, kuma TZ=Africa/Lagos ke daidaita wa manhajarka lissafi. Wanda kuma manhajar git ta jefa cikin editan rubutu vim ya rasa hanyar fita, nan gaba ya rubuta export EDITOR=nano don ta riƙa buɗe masa editan nano, ya huta.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne gado. Yaron da aka aika, in ya tura ƙaninsa, zai maimaita masa saƙon da aka ba shi. Idan ƙanin ya sauya saƙon a hanya, maganar da ke bakin uwa a gida tana nan yadda take. To, kowace manhaja kwafi take karɓa daga wadda ta tayar da ita, ta miƙa wa na ƙasa da ita, amma ba ta iya mayar da gyara sama. Kalmar export ita ce ke sa saƙon ya sauka zuwa ga na ƙasa. Da zarar ka rufe allon kuma, abin da ka saita ya tafi tare da shi.

A ganina malamai su fara koyar da saitunan muhalli tun makon farko, kafin a shiga rubuta manhaja, musamman da yake a nan ake ajiye mabuɗan sirri irin na Paystack, a fayil mai suna .env wanda bai kamata ya hau GitHub ba.

Mai son saitinsa ya zauna ko bayan an rufe allo, a Linux sai ya rubuta shi a fayil ɗin .bashrc, wanda shel ɗin bash ke karantawa duk sanda aka buɗe sabon allo. A Windows umarnin setx ke yin wannan aikin. Sai dai allon da yake buɗe tun kafin gyaran yana riƙe da tsohon kwafinsa, don haka a rufe shi a buɗe sabo kafin a sake gwada umarnin.