Bayani a kan zaɓen taga ga mai gida da mai sito

Ya 'yan kasuwa da dillalai, ku sani kafin a tambayi kuɗin taga sai a tambayi inda za ta fuskanta. Tun 2023 da aka cire tallafin fetur, wanda tagarsa ba ta ba shi iska, janareta ne zai cinye ribarsa.

Mu nan Birnin Gwari, a bakin dajin Kamuku, daminarmu ta fi ta Kano tsawo. Hadari daga gabas yake tasowa, ranar la'asar kuma bangon yamma take gasawa. To, ku bar waɗannan biyu. A huda kudu da arewa, taga tana kallon 'yar'uwarta, iska ta shiga nan ta fita can.

Ta alminiyam mai zugewa tana tare ƙurar hunturu, amma rabi kaɗai take buɗewa. Luba tana ba da iska sosai, sai dai ƙura na bi ta tsakaninta. Ta katako ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe, amma a shafe ta da baƙin mai saboda gara.

Sito kuwa, ƙaramar taga can sama kusa da rufi, da ragar waya saboda ɓera. Zafi sama yake hawa. Ni da kaina na taɓa yin babbar taga gabas, feshin ruwa ya jiƙa min masara, ta yi fumfuna, na sayar da ita a faɗuwa.