Lissafin Ƙarshen Duniya: Daga Littafin Daniyel Zuwa Satiru

A Tambuwal da Kebbe, idan 'yan bindiga suka tayar da wani ƙauye, ko buhun gero ya fi ƙarfin magidanci, abin da za ka ji a majalisa shi ne, "Ai ƙarshen zamani ne." Wayoyi kuma cike suke da wa'azin malamai da na fastoci masu ɗora yaƙin Gaza a kan tsofaffin annabce-annabce. Musulmi da Kirista duka suna jiran dawowar Annabi Isa, duk da bambancin da ke tsakaninsu kan matsayinsa. Jira ba ya cutar da kowa. Inda ake samun ɓarna shi ne ranar da wani ya ɗauki alƙalami ya ce ya gano shekarar, ko ya gano mutumin.

Ayar da ta fi shan wannan lissafi a Littafi Mai Tsarki tana cikin Daniyel, sura ta 8, aya ta 14. A wahayin an ga rago da bunsuru suna karo, sai wani ƙaramin ƙaho ya fito ya hana hadayar kullum, ya ƙazantar da Haikali, aka ce abin zai ɗauki maraice da safiya 2,300 kafin a tsarkake wurin. Surar da kanta ta fassara ragon da sarakunan Mediya da Farisa, bunsurun kuma da sarkin Girka. Shi ya sa yawancin masana suke ganin ƙahon nan Antiyokas na Huɗu ne, wanda ya ƙazantar da Haikalin Urushalima a 167 kafin haihuwar Annabi Isa, Yahudawa suka ƙwato shi suka tsarkake a 164. Wasunsu suna ƙirga hadayar safe da ta maraice daban-daban, sai a sami kwana 1,150, kusa da shekara ukun da abin ya ɗauka. A wannan karatu, wahayin lallashi ne ga mutanen da aka danne: azzalumin yana da wa'adi.

William Miller, wani manomi mai wa'azi a jihar New York ta Amurka, bai karanta ta haka ba. Ya mai da kowace rana shekara guda, ya fara ƙirga daga 457 kafin haihuwar Annabi Isa, lissafi ya kai shi wajen 1843. Da shekarar ta wuce, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844. Dubban mutane suka zauna jira, wasu ko amfanin gona ba su girbe ba, gari ya waye ba abin da ya faru. Daga cikin waɗanda suka rage ne cocin Adventist ya fito, da bayanin cewa ranar daidai ce, sai dai tsarkakewar a sama ta fara. Wani mai wa'azi, Harold Camping, shi ma ya sa 21 ga Mayu, 2011, ita ma ta wuce.

Mu a ƙasar Sakkwato ba mu da bakin yi wa kowa dariya, domin mun ɗanɗana namu, kuma namu da jini ya zo. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta risala yana raddi ga masu cewa duniya za ta tashi a shekara ta 1000 ta Hijira, amma shi ma ya ce al'ummar ba za ta wuce 1500 ba. Daga irin wannan lissafi aka sa ran bayyanar Mahadi a 1200, wato wajen 1786, daidai lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake yawon wa'azi a Zamfara. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne. Shehu ya yarda lokacin ya kusanto, amma ya ƙi sunan ƙememe, ya nuna siffofin Mahadi da ba su dace da shi ba, har ya rubuta littafin Tahzirul Ikhwan yana jan kunnen jama'a game da masu da'awar. 'Yarsa Maryam ma daga baya ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacin ƙaura zuwa gabas don tarbar Mahadi bai yi ba. Wannan gida ne ya kafa Tambuwal a matsayin ribaɗi a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu, don haka gargaɗin gadonmu ne.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, gargaɗin bai isa Satiru ba, ƙauyen da ke wajen mil 14 daga birni, can ɓangaren Boɗinga. A 1904 wani mutumin garin ya ce shi ne Mahadi, aka kama shi, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi, aka riƙa cewa shi ne Annabi Isa, ga kuma Ɗan Makaho, makahon malami da ya tsero daga ƙasar Zabarmawa da ke hannun Faransa. Ran 14 ga Fabrairu, 1906, mutanen Satiru da fartanya da gatari suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Ran 10 ga Maris aka dawo musu da bindiga mai ruwa, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe garin.

Abin da ke ci mini rai a labarin Satiru shi ne kukansu gaskiya ne. Talakawa ne da bayin da suka gudo, haraji da mulkin Nasara sun ishe su. Wanda ya ce musu alkawarin Allah ya cika a kan wane, a wannan shekara, shi ya tura su gaban harsashi da kayan noma, kuma wannan ba ya wanke waɗanda suka harbe su.

Shekara ta 1500 ta Hijira za ta kama wajen 2076, yaran da ke makarantar allo yau da yawansu za su gan ta, kuma tabbas za a tono maganar Suyuɗi. Ina roƙon malaman zaure na Tambuwal da Kebbe su sa Tahzirul Ikhwan cikin littattafan da ake biyawa, a kuma fassara shi da Hausa, fastocin yankin su ma su karanta wa jama'arsu Daniyel sura ta 8 tare da tarihin Antiyokas.