Maganin ciwon damuwa da gwajin miyagun ƙwayoyi a Kano

Gabanin zaɓen ƙananan hukumomin jihar Kano na watan Oktoban 2024, an buƙaci 'yan takara su yi gwajin miyagun ƙwayoyi a wurin hukumar NDLEA, kuma hukumar ta ce 20 daga cikinsu sun faɗi gwajin.

Sharaɗin ya shafi dukkan ƙananan hukumomi 44, ke nan mai neman kujerar kansila a mazaɓar Daura ta ƙaramar hukumar Karaye, ko a ƙauyukan Rogo, shi ma bai tsira ba. Haka kuma an yi wa angwaye da amare irin wannan gwaji kafin auren gata na shekarar 2023.

Dalilin matakin ba ɓoyayye ba ne. Wani bincike da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya tallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya fiye da miliyan 14 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi.

Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba: ina makomar wanda likita ya rubuta wa maganin ciwon damuwa?

Yadda gwajin yake

Gwajin farko da aka fi yi a duniya shi ne na tsoma ɗan tsinke a cikin fitsari, sakamako ya fito cikin mintoci kaɗan. Tsinken ba ya gane magani da sunansa, siffar sinadarin kawai yake kamawa, don haka duk abin da ya yi kama da wanda ake nema yana iya ruɗa shi.

Masana harhaɗa magunguna sun daɗe da sanin cewa maganin sertraline kan fito tamkar dangin Valium, shi kuwa bupropion ya fito tamkar amphetamine. Amitriptyline, wanda ake samu da araha a Najeriya, yana da gurbinsa na musamman a wasu tsinkayen. Kuma ba masu ciwon damuwa kaɗai ke shan sa ba, ana rubuta shi ga masu ciwon sukari da ke fama da zogin jijiyoyi, da masu matsanancin ciwon kai.

Mafi ɗaukar hankali shi ne venlafaxine. Idan hanta ta sarrafa shi, yakan koma wani sinadari da nauyinsa da ƙwayoyin zarrarsa suka zo daidai da na tramadol, tsarin jeruwarsu ne kawai ya bambanta. Hatta manyan na'urori sun taɓa ɗaukar ɗaya a matsayin ɗayan. A yankin da sunan tramadol ya riga ya ɓaci, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Saboda haka ƙa'idar da masana suka amince da ita ita ce, sakamakon tsinke zato ne kawai. Tabbaci sai an kai fitsarin ɗakin gwaje-gwaje, inda na'ura za ta rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya ta auna kowanne. Wannan ya fi tsada, yana kuma ɗaukar kwanaki, kuma ba a asibitin karkara ake samun irin na'urar ba.

Haɗarin daina sha

Abin da likitoci suka fi jin tsoro shi ne mutum ya ajiye maganinsa a ɓoye don gudun abin kunya. Dainawa farat ɗaya na iya haddasa jiri, da tashin zuciya, da rashin barci, sannan ciwon ya dawo, wani lokaci har da tunanin hallaka kai.

Magungunan ciwon damuwa ba sa sa maye, kuma shan su bisa umarnin likita ba laifi ba ne. To amma a garin da kowa ya san kowa, ango ko ɗan takara zai yi nauyin bakin faɗin cewa yana ganin likitan ƙwaƙwalwa a Dawanau ko a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.

Shawarar da masana ke bayarwa ita ce, mutum ya je wurin gwajin da katin asibiti da kwalin maganin, ya bayyana su tun kafin a karɓi fitsarinsa, idan kuma sakamako ya saɓa, ya nemi a yi gwaji na biyu kafin a yanke masa hukunci.