SARƘAR BABUR: AWONTA, MAN DA TA KE SO, DA LOKACIN SAUYA TA

Ran nan na fita rangadin duba makarantu, sai na iske wani malami a bakin hanya yana tura babur cikin rana, sarƙa a rataye a wuyansa kamar carbi. Ta tsinke masa ne saura mil huɗu ya isa makarantar da ya ke koyarwa. Da na tambaye shi, sai ya ce ai bai fi mako biyu ba da bakanike ya yanke masa gaɓa biyu don ta yi tsawo. Ran nan yara sittin suka wuni ba darasi. Allah ma ya kiyaye ba ta sarƙe ƙafar baya ba yana cikin gudu, da labarin ya wuce na rashin darasi.

To, jama'a, abin da ya kamata kowane mai babur ya fara ganewa shi ne, sarƙa ba ta miƙewa yadda igiya ta ke yi. Irin wannan sarƙa, wadda Hans Renold ya ƙago a Mancesta ta Ingila cikin 1880, gaɓoɓi ce da aka haɗa da ƙananan ƙusoshi, kowace ƙusa tana juyawa a cikin gidanta. Yau da gobe, ƙura da rashin mai su kan cinye ƙusar da gidan, sai tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa ta ƙaru da ɗan abin da ido ba ya gani. In an tara wannan a gaɓoɓi fiye da ɗari, shi ne tsawon da a ke gani. Saboda haka wanda ya yanke gaɓa biyu ya rage tsawo kurum, amma sauran gaɓoɓin suna nan a cinye, ba su kuma zama daidai a tsakanin haƙoran faifan da ke jan su. Sai su riƙa hawa kan haƙoran suna gaigayarsu har su lanƙwashe kamar ƙugiya.

Awon ba wuya gare shi ga wanda ya san rula. A jikin sarƙa da kwalinta akwai lamba, kamar 420, ko 428, ko 520. Lambar farko tana nuna tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, a lissafin kashi takwas na inci. Watau 4 rabin inci ne, milimita 12.7 ke nan, 5 kuwa inci biyar bisa takwas. Lambobi biyu na baya faɗin cikin gaɓa su ke nunawa. 420 da 428 tazararsu ɗaya, amma 428 ta fi faɗi da kauri, don haka ɗaya ba ta zama a gurbin ɗaya, kome rantsuwar mai kanti. Yawancin babura masu inji 125 da 428 su ke aiki. In ka ga an rubuta 428-118, to, 118 ɗin yawan gaɓoɓi ne. Ka ƙirga na tsohuwar kafin ka tafi saye, in dai ba a taɓa yanke ta ba. In an yanke, sai ka duba littafin babur ɗin.

Don sanin ko ta ƙare, ka ja ta ta miƙe sosai, ka auna daga tsakiyar wata ƙusa zuwa tsakiyar ta 21, watau gaɓa 20. Sabuwar 428 za ta ba ka milimita 254. In ta kai wajen 259, ta gama aikinta. Wanda ba shi da rula a kusa, ya kama sarƙar a can bayan faifan baya ya ja: in ta ɗago har ya ga rabin haƙori, hukuncin ɗaya ne.

A nan ne rowa ta kan shigo. Mutum ya sayi sabuwar sarƙa ya ɗora a kan tsofaffin fayafai, don ya tsimi kuɗi kaɗan, ba da jimawa ba lanƙwasassun haƙora su lalata ta. Ni dai shawarata, a sauya ukun tare, sarƙa da faifan gaba da na baya. Wajen haɗa bakin sarƙa kuma akwai ɗan makulli mai baki buɗe a gefe guda. Rufaffen gefen shi zai fuskanci inda sarƙa ta ke tafiya, in an juya shi wani abu na iya zare shi a hanya. Ka tsaya ka gani da idonka, ba raina bakanike ba ne.

Sa'an nan ɗauri. Kada ta yi tauri kamar tsarkiyar baka, gama ƙafar baya tana hawa tana sauka, musamman in an yi goyo ko an ɗora buhu, sarƙa mai tsananin ɗauri kuwa ta kan kashe boris na akwatin giya. A tsakiyar layin ƙasa ya kamata ta yi wasa sama da ƙasa kamar milimita 20 zuwa 30 a ƙananan babura, sai fa in littafin ya faɗi wani abu dabam. Juya ƙafar ka nemi wurin da ta fi tauri, a nan za ka auna. Ka kuma lura alamun da ke gefe biyu na ƙafar baya su yi daidai da juna.

Batun mai kuwa, na san baƙin man da aka juye daga inji kyauta ne, amma cike ya ke da garin ƙarfe, ba ya kuma zama a jiki. Man giya mai lamba 80 ko 90 ya fi. A fara wankewa da kananzir da tsohon buroshi, a goge ta bushe. Ban da fetur, balle ga sarƙa mai ƙananan zobba na roba a tsakanin gaɓoɓi, don yana lalata su. Lokacin da ya fi kyau shi ne da ka dawo daga tafiya tana da ɗumi: ka ɗiga man ta cikin layin ƙasa kana juya ƙafa da hannu, ka bar shi ya shiga, ka goge ragowar, don mai da ya yi yawa tarkon yashi ne. Lalle a kashe inji tukuna. Mutane da dama sun rasa yatsu wajen goge sarƙa inji na aiki.

A yi haka kamar kowane kilomita 500, a ƙara yawaitawa da damina da lokacin hunturu. Murfin sarƙar nan kuma da samari ke cirewa wai don babur ya yi kyan gani, wanda ke bin hanyar ƙauye ya mayar da nasa.