Takalmin Mai Ciwon Suga: Darasi Daga Khartum

Zafi rahama ne. Shi ke sa mutum ya ɗaga ƙafa idan ya taka ƙaya, ko ya sauya takalmin da ya matse shi. To, ciwon suga idan ya daɗe yakan lalata jijiyoyin ƙafa har mai shi ya daina jin komai. Sai nauyin jiki ya riƙa sauka a wuri ɗaya, galibi gindin yatsu ko ƙarƙashin babban yatsa. Wurin ya yi kanta, kantar ta fashe ta zama gyambo, gyambon kuma, in an yi sakaci, ya kai ga yanke ƙafa.

Mutanen Khartum da Omdurman, har da Hausawan da kakanninsu suka zauna can a hanyar aikin hajji, sun san wannan masifa. A shekarar 1998 aka buɗe cibiyar Jabir Abu Eliz a Khartum domin masu ciwon suga, inda likitan fiɗa Farfesa Muhammad al-Makki Ahmad ya yi fice wajen ceton ƙafafu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe asibitoci da dama, ya tilasta wa majinyata doguwar tafiya da silifa a kan ƙasa mai zafi, abin da irin wannan ƙafa ba ta iya ɗauka.

Babbar kariya ita ce raba nauyi. Akan auna sawun majinyaci, a ƙera masa shimfiɗar cikin takalmi daidai da surar tafinsa: taushi a inda ƙashi ya turo, tudu a inda tafin ya lotsa. Ƙa'idar likitocin duniya ta 2023 ta nemi irin wannan takalmi ya rage dannar da kashi 30 cikin ɗari ga wanda ya taɓa yin gyambo. Dalili kuwa, kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda suka warke, gyambon kan dawo musu cikin shekara guda. Idan rauni a buɗe yake, shimfiɗa kaɗai ba ta isa ba, sai likita ya sa filastar da ba a cirewa a gida.

'Yan uwa, shimfiɗar da aka ajiye a ƙarƙashin gado ba ta kare kowa. A sa takalmin ko a tsakar gida. A zura hannu ciki kowace safiya don gudun tsakuwa. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu, a duba tafin da madubi, ko a sa ɗa ko jika ya duba. Kada a yanke kanta da reza, kada a taka farfajiyar masallaci da tsakar rana ba takalmi. Duk jan da aka gani ko kumburi, a garzaya asibiti a ranar.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya zaunar da Sudan lafiya.