Matsattsen da Ake Bi Bashi a Gaɓar Tafkin Kainji: Nazari a Mahangar Fiƙihun Malikiyya

Malaman fiƙihu sun raba waɗanda ake bi bashi gida biyu. Akwai mawadaci mai taurin bashi, wanda hadisi ingantacce ya ƙidaya jinkirinsa cikin zalunci. Akwai kuma matsattse, wanda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta a saurara masa har ya samu sauƙi. Abin tambaya a ƙasar Yawuri shi ne: waɗanne gidaje ne suka fi faɗawa cikin kashi na biyu?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye gonaki da tsibirai, aka tayar da mutane fiye da 40,000, rayuwar gidaje da dama a Warra da kewayenta ta rataya ga su da noman bakin ruwa. A ganina, gidan da ya fi shan wuya shi ne na masuncin da mai binsa bashi shi ne kuma mai sayen kifinsa. Yakan karɓi kuɗin kalli ko na injin jirgi, bisa sharaɗin ba zai sayar wa kowa ba sai wanda ya ranta masa, a farashin da shi mai kuɗin ya yanke. Wasu ɗalibai sukan ɗauka wannan salam ne. Ba shi ba ne, domin salam yana buƙatar sanannen awo da siffa da ajali. Wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma haɗa rance da ciniki cikin sharaɗi guda haramun ne. Ga shi ba a cika rubuta shi ba, duk da umurnin aya ta 282, don haka masuncin ba ya sanin ranar da zai fita.

Sai gidan da maigida ya rasu da bashi a kansa, kamar yadda ake zaton ya faru ga iyalai da dama bayan hatsarin jirgin ruwa na watan Mayun 2021 kusa da Warra. Bashin mamaci yana rataye ne ga dukiyar da ya bari, a biya shi kafin wasiyya da gado. In dukiyar ta gaza, ba a bin magada da sauran. Matar da ta sayar da awakinta don ta sauke wa mijinta nauyi ta kyautata, amma Shari'a ba ta ɗora mata ba, kuma babu mai ikon tilasta ta.

Mukhtasar na Shaihu Khalil ya halatta a biya bashin matsattse daga zakka, cikin rabon garimai na aya ta 60 ta Suratut Tauba, ko da ya riga ya rasu, matuƙar ba don ɓarna ya ci bashin ba.