"Clean": kalmar Ingilishi da ta fi ƙarfin sabulu da ruwa

A bara na sayi waya a hannun wani mai talla a WhatsApp. Ya saka hotonta, ya rubuta kalma biyu a ƙasa: very clean. Na biya jika 65 na sefa, aka aiko mini da ita ta mota. Da na buɗe kwalin, babu ko ƙwarzane a jikinta, sai ƙyalli take yi. Kwana uku da fara aiki da ita na gane batirinta ba ya kai azahar. Da na kira mai wayar bai yi musu ba. Ya dai tuna mini cewa shi jikinta ya yaba, batun batiri kuwa ban tambaye shi ba. Abokaina na fada sun yi mini dariya har shayi ya huce, ni kuwa daga ranar na fara bin diddigin wannan kalma.

Mafi yawanmu da muka yi karatu da Faransanci mun haddace ta a aji da ma'ana ɗaya: clean shi ne propre, wato mai tsabta. A kasuwa ma mun san ta, tun da garin wankin So Klin ya sa mata da yawa suna kiran kowane garin sabulu "kilin". Sai dai matashin Maraɗi da ke sarin kaya a Kano, da ɗan Tawa da ke neman kuɗi a Akara, da ɗalibar Damagaram da ke neman gurbin karatu a waje, suna cin karo da ita a wuraren da babu wanki babu shara. Ga shi kuma tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, ke nan haɗuwa da irin waɗannan kalmomi sai ƙaruwa za ta yi.

Kalma ɗaya, mu kuwa muna da goma

Kalmar tsohuwa ce, ta haura shekara 1,000 a bakin mutanen Ingila. Tushenta ɗaya da klein ta Jamusanci, wadda a can take nufin ƙarami. Abin da ya riƙe ma'anoninta duka shi ne rashi: abu ya zama clean idan babu wani abin ƙi a tattare da shi. Wane abin ƙi? Kalmar ba ta faɗa. Mai sauraro ne zai gano daga wurin da aka yi maganar.

Bahaushe ya rarraba wannan aiki. Riga tana da tsabta, an wanke ta fes. Ruwa garau yake. Mai shirin salla yana da tsarki, kuma kowa ya san tufa na iya yin fari ƙal alhali da najasa a jikinta. Dukiya halal ce. Wanda kotu ta sallama an wanke shi. Mai Ingilishi na iya faɗin duk waɗannan da clean. Yana ma amfani da ita da ma'anar "gaba ɗaya", kamar yadda mu ke cewa na manta shaf.

A kasuwar waya da mota

A tallan ƴan Najeriya, clean ga waya ko mota yawanci yabon jiki ne: babu fashewa, babu ƙwarzane, fenti bai koɗe ba. Amma clean IMEI wani zance ne daban. Kowace waya na da lamba mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#. Idan an ce lambar clean ce, ana nufin ba a saka wayar cikin jerin na sata ko waɗanda aka toshe ba. Waya na iya sheƙi a ido, lambarta na cikin wancan jeri.

A harkar mota asarar ta fi girma. Motoci da yawa da ke shigowa yankinmu ta tashoshin ruwa na Kwatano da Lome daga gwanjon Amurka suke fitowa. A can, takardar mallakar mota, irin wadda muke kira kart giriz, sunanta title. Idan kamfanin inshora ya yanke cewa gyaran mota ya fi ƙarfin darajarta bayan haɗari ko ambaliya, ana buga wa takardar tambarin salvage. Wadda ba ta da irin wannan tambari ita ce clean title. Wannan bai nuna motar ba ta taɓa haɗari ba. Iyakarsa dai ba a taɓa rubuta ta cikin waɗanda suka tashi aiki ba. Akwai kuma masu kai mota wata jiha don a sake mata takarda tambarin ya ɓace. Dabarar mai saye ita ce ya nemi lambar motar mai haruffa da alƙaluma 17, ya bincika tarihinta a intanet, sannan ya kai ta wurin makaniken da ya yarda da shi.

Ƴan kasuwar da ke odar kaya daga Sin ko Dubai su ma sun san clean bill of lading. Takardar lodin jirgi ce wadda kamfanin sufuri bai rubuta wata lura a kanta ba game da lalacewar kaya ko mazubinsu lokacin da ya karɓa. Abin da idonsa ya gani daga waje ya shaida. Ingancin atamfar da ke cikin kwantena ba ya cikin shaidar.

A takardun neman aiki

Ga ƴan ci-rani, a nan kalmar take yanke hukunci. Idan sanarwar aiki ta ce ana son mai clean record, ba ruwanta da wanka ko guga. Ana nufin mutumin da kotu ba ta taɓa kama shi da laifi ba, abin da takardar kaziye ke nunawa a wurinmu. A Birtaniya, masu neman direba kan nemi clean licence, wato lasisin tuƙi da babu makin laifi a kansa. Wanda ya tara maki 12 cikin shekara 3 yana iya rasa izinin tuƙi. Wanda ya amsa da "eh" don bai fahimci tambayar ba, daga baya aka gano saɓanin haka, ƙarya za a ce ya yi, kuma yin ƙarya a takardar aiki ko ta biza kan jawo hukuncin da ya fi na laifin da aka ɓoye.

Idan kuwa jami'i ya ce wa mutum ya come clean, cewa yake ya fito ya faɗi gaskiyar abin da ya ɓoye. Wanda aka ce an yi masa clean out kuma, an yashe shi ne tas, ko ɓarayi ko caca.

A filin ƙwallo

Masu kallon gasar Ingila a gidajen kallo sun fi kowa sanin clean sheet: wasan da aka tashi ba a zura wa ƙungiya ƙwallo ko ɗaya ba. Petr Cech ne ke riƙe da tarihin gasar Firimiya da wasanni 202, ciki har da 24 a kakar 2004 zuwa 2005 tare da Chelsea. A nan ma rashi ake ƙirgawa. Ƙungiya na iya yin wasa marar daɗi a tashi babu ci, mai tsaron gidanta ya tafi da wannan yabo.

Inda kalmar ke cutarwa

A hirar samari da ƴan mata a intanet, tambayar are you clean na nufin ko mutum na ɗauke da cutar da ake ɗauka ta hanyar jima'i, musamman ƙanjamau. Ma'aikatan lafiya suna hana amfani da kalmar a wannan wuri saboda dalili biyu. Na farko, tana mai da mai ɗauke da cutar ƙazami, wannan tsangwama kuwa ita ke hana mutane zuwa awo. Na biyu, maganar baki ba sakamakon awo ba ce. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar cutar shekaru yana cikin ƙoshin lafiya a ido, kuma awon gaggawa na iya kasa gano ta har zuwa wata 3 bayan kamuwa. Haka wanda ya daina shan tramol ko wata ƙwaya kan ce shi clean ne yanzu. A bakinsa wannan labari ne mai daɗi, amma jama'a kan ɗauka cewa wanda bai daina ba datti ne, alhali magani da kulawa yake buƙata.

Mafi munin amfani da tushen kalmar shi ne ethnic cleansing, wadda ta bazu a kafofin labarai lokacin yaƙin Bosniya da ya fara a 1992. Ma'anarta korar wata ƙabila ko kashe ta don a raba ta da wani yanki. A garin Srebrenica, cikin watan Yuli na 1995, an kashe maza da yara Musulmi kimanin 8,000. Duk inda aka fara kiran mutane datti, mai sauraro ya san inda zancen ya dosa.

Tambaya biyu kafin a biya

A duk waɗannan wurare, clean na ba da labarin abu ɗaya da babu shi, ta yi shiru a kan saura. Don haka duk wanda ya ci karo da ita a talla, ko a takarda, ko a hira, yana da tambaya biyu: clean daga me, kuma wa ya shaida? Idan mai kaya ya ce daga ƙwarzane, a tambaye shi batiri da lamba. Idan ya ce takarda ce ta shaida, a nemi ganin takardar. Tambayar ba ta cin ko dala. Ni da ban yi ta ba, sai da na ƙara jika 8 na canza batiri.